Yadda Na Zama Injiniyan Unguwa Ba da Niyya Ba

Kwamfuta ɗaya ce a gidanmu, amma masu ita biyar. Ni na biya kuɗinta a Beirut Road, ta hannu, mai ram giga 4, wadda aka ƙera tun wajen 2013, sai dai biyan kuɗi bai ba ni iko a kanta ba. Ni ina buga tambayoyin jarrabawar Hausa na ɗalibaina. Uwargida tana ajiye lissafin adashi da na atamfofin da take bayarwa bashi. Babban ɗana yana gwajin jarrabawar JAMB, ko dai abin da yake nunawa ke nan idan ya ji motsin takalmina. Mai bi masa ƙwallo yake bugawa, shi bai ma damu da ɓoyewa ba. Auta kuwa katun ne nata, kuma idan ta zauna babu mai tashinta sai barci.

Baiwar Allah ta tsufa. Idan ka kunna ta, kana iya zuwa ka yi alwala, ka gaisa da maƙwabci, ka dawo ka tarar da ɗan zobenta yana ta juyawa. Ga bairos da muke kwasowa duk lokacin da filashi ya je shagon buga takardu ya dawo. Ana cikin haka 14 ga Oktoba, 2025 ta zo, ranar da Microsoft ya daɗe da sanarwa cewa zai daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Na ce to mu hau ta 11 mana. Ashe ita tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsohuwata ko a mafarki ba ta taɓa ganinsa ba. Ya rage ko in sayi sabuwa a wannan marra, ko in ci gaba da zama da ƙofa a buɗe.

Ɗan ƙanwata ne ya zo da hanya ta uku. Yana karatun kwamfuta a jami'a, kuma tun da ya shiga aji biyu ba ya iya ganin na'ura bai ba ta shawara ba.

"Kawu, Linux za ka koma. Kyauta ce, ba ta da nauyi, bairos ɗin filashi ba ya kama ta. Minti ashirin an gama, ka huta."

Ku riƙe min wannan minti ashirin ɗin.

Kalmar kyauta ce ta fara sa ni ɗari-ɗari, don araha ba ta ado, balle banza. Sai yaro ya gyara zama gaban kwanon dambun uwargida ya buɗe mana aji. Ya ce a 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar wannan manhaja don nishaɗin kansa, ya sake ta ga duniya. Kafin shi, tun 1983, wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya faro aikin GNU, da aƙidar cewa wanda ke amfani da manhaja yana da haƙƙin ganin cikinta. Aka haɗa aikin wannan da na wancan. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa mutane, da sharaɗin idan ya raba gyararriya shi ma ya buɗe nasa gyaran.

Uwargida, wadda ba ta taɓa ba da ko ƙyalle kyauta ba tare da ta rubuta ba, ta leƙo daga kicin. "To su da me suke cin abinci?"

Ya ce manyan kamfanoni ne ke biyan da yawa daga cikin masu aikin albashi, saboda injinan da ke riƙe da harkokinsu a kanta suke tafiya, wasu kuma da gudummawar jama'a suke rayuwa. Ya ƙara da cewa tun ƙarshen 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da ita. Nan ya kama ni. Na dubi tsohuwata da murfinta mai tsaga, na ji a raina cewa gobe war haka tana cikin sahun manya.

Sai aka zo zaɓe. Ashe Linux ba ɗaya ba ce, zuri'a ce mai ɗaruruwan gidaje. Akwai Debian tun 1993. Akwai Ubuntu da wani attajirin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a 2004. Akwai Fedora, akwai Arch, wadda yaron ya ambata da sassauta murya cikin girmamawa. Ni ya zaɓa min Linux Mint, wadda aka fara a 2006 a kan ginshiƙin Ubuntu, ya ce ita ce ta fi dacewa da dattawa. Na haɗiye wannan. Ya manna min hoton wani tsuntsu mai tumbi a bayan murfi, ya ce fengwin ne, sunansa Tux, alamar Linux, kuma shi Torvalds ya ba da labarin cewa irinsa ya taɓa cizonsa a gidan namun daji a Ostareliya. Uwargida ta ce ita dai agwagwa ta gani, kuma mutumin da zai ɗauki abin da ya cije shi ya mai da shi tambari, a yi hattara da kayansa.

Fayil ɗin ya kusa giga 3. Na sayi datar dare, na hana idona barci ina gadin wani koren layi yana rarrafe. Ya kusa ƙarshe aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama sunansa kawai batir. Da safe na ba yaron labari ido jajur, sai ya laluba aljihu ya fito da filashi.

"Ai ina da ita a nan, Kawu."

"Tun jiya?"

"Ba ka tambaya ba ne."

A ranar aka kira shi makaranta. Ya bar min filashin da umarni ɗaya: ka soka shi, ka kunna, ka yi ta danna maɓallin da zai sa ta tashi daga filashi maimakon rumbunta. Wane maɓalli? Ya ce ya danganta da kamfanin da ya ƙera ta, ko F12, ko F9, ko F2, ko Esc, kuma dole a danna kafin tambarin farko ya wuce. Tsohuwar da ke shafe rabin wuni kafin ta buɗe takarda, a wannan gaɓar kaɗai take da sauri. Da na gaji, sai na raba aiki: ni F12, babban ɗana F9, ƙaninsa F2, Auta Esc. Na ce da na ce bismillah kowa ya hau. Har yau ana gardama a gidan kan wanda ya ci, amma dai allo ya yi kore, Mint ta fito.

Kai, ta yi kyau! Ga menu a kusurwar hagu ta ƙasa inda aka saba, ga Firefox, ga agogo. Na tara iyali na sanar cewa an gama, kuma ko minti ashirin ɗin ba a cika ba idan aka cire daren jiya. Akwai wani ɗan hoton faifai a gefen allo da rubutun Turanci a ƙasansa, na ɗauka ado ne irin na sabon gida.

A daren uwargida ta zauna ta shigar da sabon zagayen adashi kaf: wadda ta zuba, wadda ta yi fashi, wadda ta kwasa, wadda ke bi. Ta adana, ta miƙa wa Auta takardun da ta kwafo daga ciki, Auta ta yi jiragen sama da su. Washegari aka kunna kwamfuta. Ga Mint sabuwa fil, tsaf-tsaf, babu lissafi, babu alamar an taɓa lissafi.

Na kira yaro a waya, uwargida na tsaye a kaina.

"Kawu, ka yi instolin kuwa?"

"Ba ga ta ina gani ba?"

"Wannan ta ɗanɗano ce. Daga filashi take tafiya, komai a ram yake zaune. Allon makaranta ne, Kawu, ka rubuta, da an kashe an wanke. Wannan hoton faifan shi za ka danna."

Ni dai matsayina bai sauya ba: abin da ke da muhimmanci haka bai kamata a yi shi ƙarami a ajiye a kusurwa ba. Uwargida tana da nata matsayin, wanda ta bayyana dalla-dalla har maƙwabta suka amfana. Da ta kira taron mata don a sake haɗa lissafi daga ka, sai aka gano wani abin al'ajabi: babu mace ko ɗaya a unguwarmu da ta taɓa fashin zubi, kuma babu wadda ta tuna ta taɓa kwasa.

Instolin na gaskiya a gaban shaidu aka yi shi. Da aka zo inda take tambaya ko a share rumbu gaba ɗaya ko a zaunar da Mint a gefen Windows, sai na ji hannu a kafaɗata.

"Malam, hotunan bikin ƙanwata suna ciki."

"Na sani, Hajiya."

"Ina dai tuna maka ne."

Aka zaɓi zaman kishiyoyi. Tun daga ranar, duk wanda ya kunna sai wani baƙin allo ya ba shi 'yan daƙiƙoƙi ya zaɓi ɗakin da zai shiga, in ya yi nawa a shigar da shi na amarya.

Amarya ta tare, amma babu wayifai. A filashi ban lura ba, don ɗoki. Yaro ya ce na'urar wayifai ɗin tsohuwata tana buƙatar wata 'yar manhaja da masu sana'ar ke kira direba, kuma sai an sauko da ita daga intanet. Na ce a hankali, don in tabbatar ba ni ne na zare ba: sai na sami intanet kafin in sami abin da zai ba ni intanet? Ya ce haka ne. Mafita ita ce igiyar caji. Na haɗa wayata da kwamfuta, waya ta shayar da ita data, sannan ya ce in buɗe tamina.

Tamina wani baƙin akwati ne da ba shi da hoto ko ɗaya, sai ɗan layi yana ƙifta maka ido. Duk umarnin da ya shafi gyaran gida sai ka fara shi da sudo, ita kuma ta nemi kalmar sirri. Na buga. Babu harafin da ya fito, sai taurari. Na sake bugawa da ƙarfi. Taurari. Na kifa kwamfutar na girgiza, garin biskit ɗin Auta da ƙwayar gyaɗa guda suka zubo. Na aika a aro kibod a maƙwabta. Shi ma taurari. Sai da na kira yaro na yi masa ta'aziyyar kibod, ya yi dariya har da tari.

"Tana ji, Kawu, nunawa ce ba ta yi. Don kada na bayanka ya ga haruffan."

Na waiga. Mutum huɗu ne a bayana, kuma duk sun san kalmar, don sunan Auta ne da shekarar haihuwarta.

Firinta na fi tsoro. Na ware mata yammaci guda, na sa aka dafa shayi, na nannaɗe hannun riga. Ina soka igiya ta yi ɗan gurnani ta ce a shirye take. Na buga takarda ta fito. Na rasa inda zan kai fushin da na tanada, na shanye shayin a tsaye.

Daga nan ƙorafi ya fara shigowa ta kowace ƙofa. Mai ƙwallo ya ce wasansa ya ƙi tashi, na ce wannan ba matsala ba ce, falala ce. Babban ɗana ya ce manhajar gwajin jarrabawarsa ta Windows ce kawai, don haka kullum can zai riƙa shiga, kuma daga can ya samo makami. Wata Asabar na tarar da shi a zaune ƙarfe huɗu ta wuce, 'yan Islamiyya sun daɗe da tafiya.

"Abba, uku da 'yan mintuna fa. Duba."

Na duba, haka agogon kwamfuta ya ce. Ashe akwai wani ɗan agogo a cikin injin da kishiyoyin biyu ke rabawa. Linux tana saita shi a kan lokacin duniya na UTC sannan ta ƙara awa ɗaya ta Nijeriya a lissafinta, Windows kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari. Duk wanda ya fito daga ɗakin amarya ya shiga na uwargida sai ya tarar an mai da shi baya da awa guda. Yaron yana da waya, akwai agogon bango, ga ladan ya kira La'asar da lasifika, amma duk ya ƙi shaidarsu ya riƙe ta kwamfuta. Layi ɗaya a tamina ya gyara agogon. Gyaran yaron ya ɗan fi haka tsawo.

Ni kaina ban tsira ba. LibreOffice, wadda ta zo a madadin Word, tana buɗe tsofaffin takarduna lafiya lau, amma na farko da na rubuta a cikinta na kai shago, yaron shagon ya juya fayil ɗin ya ce, "Malam, wannan odt ɗin wane yare ne?" Na dawo na adana shi a docx na koma. Ya buɗe, sai dai salon haruffan da ke wajena babu shi a wajensa, layuka suka zame, tambaya ta bakwai ta kwana a shafi na ɗaya, zaɓin amsoshinta suka wayi gari a shafi na biyu a ƙarƙashin tambayar insha'i. Maganin ashe PDF ne, wanda ke daskarar da shafi yadda ka tsara shi, kuma maɓallinsa na nan a sama yana kallona tun farko. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, akwai kibod ɗin Hausa a jerin harsuna, na Nijeriya har da na Gana, amma kafin in gano shi ɗan ƙanwata ya koya min hanyar 'yan boko: ka danne Ctrl da Shift da U, ka buga 199, ka danna Enter, sai ƙ ta fito. Ta ɗ 257 ce, ta ɓ 253. Na rubuta jarrabawar aji uku a haka. Ban taɓa sanin yawan ƙ da ke cikin harshen nan ba sai da kowace ta ci min maɓalli bakwai.

In za a faɗi gaskiya, tsohuwa ta farfaɗo. Mint ram giga 2 kawai take nema don ta tashi, ga shi ta sami 4, sai ta shiga wadata. Kafin ka ɗauko buta ta gama buɗewa. Sabuntawa sai lokacin da na ga dama, wato lokacin da akwai data. Auta ko tambaya ba ta yi ba, ta nemo katun ɗinta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na lura wahalar duk ta masu sabo ce, gwargwadon shekarunka a tsohon gida gwargwadon karon da za ka yi da bango a sabo.

Da a nan aka tsaya, da na huta ɗin. Sai ɗan maƙwabcina ya yi sallama wata safiya, fuska a murtuke, filashi a hannu. Kundin digirinsa ne, babi biyar, jibi zai miƙa, ya kai shago an soka, komai ya koma wasu 'yan gumaka masu kibiya da ba sa buɗe komai. Na san cutar, ta sha cin nawa. Don kada in kore shi hannu rabbana, na soka filashin a Mint. Ga babi biyar reras a cikin wata folda marar suna, ga bairos ɗin kansa a gefe tsirara, ba ya ko motsi. Shi dama ba ya cinye fayil, ɓoyewa yake yi ta hanyar sa musu alamar da Windows ke girmamawa, Linux kuwa ba ruwanta da alamar, kuma an rubuta shi ne don can, a nan ba shi da ƙafa. Na kwashe fayilolin, na share ɓarawon, na miƙa wa yaro kayansa. Ya kalli allon, ya kalle ni, ya kalli agwagwar bayan murfi.

Kafin Magariba labari ya kai bakin titi. Kafin Juma'a an fara layi a ƙofar gidana: ɗalibai, mai kemis, sakataren ƙungiyar 'yan Adaidaita, wata amarya da hotunan kamunta suka ɓace. Sunana ya tashi daga Malam ya koma Injiniya. Ladan aikin yawanci Allah Ya saka da alheri ne, sai wani dattijo da ya kawo ƙwan zabi, shi ma daga baya na gane na kafin alƙalami ne, don filashi uku ya dawo da su. Nakan yi musu bayani cewa ba ni ba ne, manhaja ce, kuma kowa na iya sa ta kyauta. Sai su ce, "Allah Ya ƙara basira, Injiniya," su miƙo na gaba. Mutum ɗaya ne ya yarda in sa masa, kuma tun daga ranar duk abin da ya same shi, har katsewar layin waya, ni yake kira.

Uwargida ta mai da lissafinta littafi mai bango, da kwafi a waya. Da ɗan ƙanwata ya dawo hutu ya gaya mata cewa wayar tata ma, tunda Android ce, zuciyar Linux ce a cikinta, sai ta dube ta a tafin hannu ta ce, "Shi ya sa take cin caji." Shi kuwa ya buɗe tsohuwata, ya yatsina fuska.

"Kawu, har yanzu Mint kake? Ai ka wuce nan. Bari in sa maka Arch, minti ashirin..."

Bai ƙarasa ba ya hango muciya ta leƙo daga ƙofar kicin, ya ce dama wucewa yake yi.

Jiya da yamma wani almajiri ya yi sallama da ƙunshi a leda, ya ce daga wajen surukata. Na kwance, sai ga tsohuwar rediyonta mai eriya ɗaure da zare. Saƙon shi ne tana shan batir, tana kuma shaƙewa idan an zo labaran rana, don Allah Injiniya ya sa mata irin abin nan na agwagwa. Na juya ta gaba da baya ina neman ramin filashi, uwargida tana kallona ta gefen ido tana jiran ta ji abin da zan ce game da rediyon mahaifiyarta. Na ce wa almajirin ya gaishe da Hajiya da kyau, ya ce mata an karɓa, a turo jibi.